Tattakin Kewaya Tsibiri da Darasinsa ga Gaɓar Kogin Kaduna

A ƙasashen da ke da tsibirai a cikin teku akwai wata irin tafiyar ƙasa wadda mutane ke ɗaura wa niyya su shafe kwana da kwanaki a cikinta, wato bin gaɓar tsibiri da ƙafa tun daga wani gari na bakin ruwa, ana kwana a hanya ana tashi, har a zagayo a dawo inda aka faro. Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya yi wa ƙawanya ta kowace fuska, don haka duk wanda ya bar teku a hannunsa na dama ko na hagu ya ci gaba da tafiya ba tare da ya sauya ba, komai daɗewa zai tarar da sawunsa na farko. Ga mazaunin Narayi, unguwar da ke kudancin Kogin Kaduna a ƙaramar hukumar Chikun, wadda ke da tazarar ɗaruruwan kilomitoci daga teku mafi kusa, wannan al'amari na iya kama da shagalin mutanen wata duniya. Amma idan aka duba abubuwan da ke riƙe da irin wannan tattaki, za a ga cewa su ne dai suka riƙe ayarin fatake a ƙasar Hausa shekaru aru-aru, kuma rashinsu ne ya sa mutanen Kaduna ke zaune a gefen babban kogi ba su san gaɓarsa da ƙafafunsu ba.

Tsibiri da gungu

Hausa tana da kalmomi biyu a wannan fage, domin bayan tsibiri akwai gungu, wanda ake faɗa wa tudun da ke tsakiyar kogi. Daga wannan kalma ce aka samo sunan Gungawa, mutanen da suka zauna a gungunan Kogin Kwara a ƙasar Yawuri suna noma da su, har zuwa lokacin da aka kammala madatsar ruwa ta Kainji a 1968, ruwan tafkin ya shanye da yawa daga cikin matsugunansu, aka sake musu wurin zama a tudu. A Tafkin Chadi kuma akwai tsibiran da Buduma ke kiwon shanu da kamun kifi a kansu. Sai dai gungu da tsibirin tafki ba su da tsayayyar gaɓa, tana matsawa ne gwargwadon cikar ruwa da janyewarsa, kwale-kwale kuma ya fi ƙafa amfani a wurin, shi ya sa al'adar shata hanya a kewayen tsibiri ta fi kafuwa a inda gaɓa ta kasance dutse ko rairayin da teku ya daɗe da tsayar wa iyaka.

Hanyar Dawakai ta Minorka

Misalin da ya fi dacewa a tsaya a kansa shi ne na Minorka, wani tsibiri na ƙasar Sifaniya a Bahar Rum, wanda ya kasance a hannun Musulmi tun daga farkon ƙarni na 10 har zuwa 1287, kuma har yau sunayen wurare da dama a cikinsa suna farawa da Bini, wanda ya samo asali daga Larabci. Hanyar da ta kewaye shi ana kiranta Camí de Cavalls, ma'ana hanyar dawakai, tsawonta kilomita 185, an kasa ta zango 20, kuma ta ratsa manyan garuruwan tsibirin biyu, Mahon a gabas da Siyutadela a yamma. Asalinta hanyar sintiri ce, wadda barade ke bi a kan dawakai daga wannan hasumiyar tsaro zuwa waccan domin hango jiragen 'yan fashin teku da na abokan gaba, kuma Turawan Ingila da na Faransa da suka riƙe tsibirin a ƙarni na 18 sun ci gaba da amfani da ita.

Da buƙatar sintiri ta kau, sai masu manyan gonaki suka riƙa toshe sassan hanyar da katanga da ƙyaure, har ta yanke a wurare da yawa, mutanen tsibirin suka wayi gari ba su da ikon isa wasu gaɓoɓin da kakanninsu ke bi. Daga 1996 wasu ƙungiyoyin mazauna suka fara shirya tattakin neman haƙƙi, suna fitowa ƙwansu da ƙwarƙwata suna bin tsohuwar hanyar har inda aka tare ta, kuma wannan matsin lamba ya kai ga majalisar dokokin yankin ta kafa doka a shekara ta 2000 wadda ta tabbatar wa jama'a ikon wucewa. An ɗauki shekaru ana shari'a da biyan diyya kafin a buɗe zagayen gaba ɗaya a 2010. Wanda ya bi hanyar a yau zai riƙa cin karo da gajerun turaku na katako masu ɗauke da alama, waɗanda aka kafa kusa-kusa yadda daga wannan ana iya hango na gaba, da kuma ƙyauren gona da aka sassaƙa da karkatattun rassan zaitun na daji, wanda ƙa'ida ta wajabta wa mai wucewa ya mayar da shi ya rufe domin kada shanun mai gona su fita. A cikin wannan ƙaramin aiki na rufe ƙyaure ne yarjejeniyar ta tattaru, manomi ya bar hanya a buɗe, matafiyi kuma ya kiyaye masa dukiya.

Tafiyar ba iri ɗaya ba ce daga farko zuwa ƙarshe. Gaɓar arewa tana da jajayen duwatsu da hawa da gangara, iska mai ƙarfi da suke kira taramuntana tana kaɗawa daga teku, kuma akwai zangunan da mutum zai wuni bai ga wurin sayen ruwa ba, alhali gaɓar kudu farar ƙasa ce mai kwazazzabai da inuwar itatuwa da ƙananan mashigan ruwa masu farin rairayi. Da yake an hana kafa tanti a inda aka ga dama, dole mai tattaki ya tsara kwanakinsa bisa garuruwan da ke da masauki, kuma yawanci ana gama zagayen cikin mako guda zuwa kwana goma, ko fiye ga wanda ya ɗauki karin maganar nan ta sannu ba ta hana zuwa.

Lungun Jeju da sadakar Shikoku

A tsibirin Jeju na Koriya ta Kudu ba tsohuwar hanyar soja aka farfaɗo da ita ba, wata 'yar jarida ce mai suna Suh Myung-sook, haifaffiyar tsibirin, ta dawo daga doguwar tafiyar ƙasa a Sifaniya ta fara haɗa turbobin masunta da na makiyaya da na 'yan ƙauye a 2007, kuma a 2012 aka rufe da'irar, wadda a yanzu ta haura kilomita 400. Sunan hanyar Olle, kalmar da a harshen tsibirin ke nufin siririn lungun da ke fitowa daga ƙofar gida zuwa titi, abin da duk wanda ya san tsofaffin unguwannin Zariya ko Kano zai gane nan take. Alamominta ƙyallaye ne shuɗi da ruwan goro da ake ɗaurawa a rassa da turaku, kuma matafiyi na riƙe da ɗan littafi da yake buga wa hatimi a kowane zango domin shaidar cewa ya taka wurin.

A Japan kuwa, zagayen tsibirin Shikoku ziyarar ibada ce ta mabiya addinin Buda, wadda ta haɗa wuraren bauta 88 a kan hanya mai tsawon kimanin kilomita 1,200, ana danganta ta da malaminsu Kukai wanda ya rasu a shekara ta 835, kuma mai yin ta da ƙafa yakan shafe kwana arba'in zuwa sittin. Abin lura a nan shi ne al'adar da suke kira osettai, inda mazauna ƙauyukan hanya ke miƙa wa baƙo shayi ko lemo ko wurin kwana ba tare da neman ko sisi ba, kuma ba a son ya ƙi karɓa. Bahaushe ba zai ga baƙon abu a nan ba, domin randar da ake girkewa a ƙofar gida ko gindin bishiya da moɗa a kanta saboda masu wucewa, da zauren da ake sauke baƙo a ciki, duk daga tushe ɗaya suka fito, wato sanin cewa doguwar tafiya ba ta yiwuwa sai da hannun mutanen da ake ratsa ƙasarsu.

Lissafin tafiyar

Mai lafiya yakan ci kilomita huɗu zuwa biyar a sa'a guda a shimfiɗaɗɗiyar ƙasa, amma gaɓar teku ba ta cika shimfiɗuwa ba, domin kowane rafi da ke faɗawa teku yana tilasta gangara da sake hawa. Wani mahayin duwatsu ɗan Sikotilan mai suna William Naismith ya fitar da ƙa'ida a 1892 wadda har yau ake aiki da ita, cewa a ware sa'a guda ga kowane kilomita biyar, sannan a ƙara wata sa'ar ga kowane mita 600 na hawa. Da wannan lissafi ne ake yanka zango, wanda galibi ke kamawa daga kilomita goma sha biyar zuwa ashirin da biyar a wuni. A tsibiran Birtaniya, kamar Anglesey na yankin Wales mai hanyar kusan kilomita 200, akwai ƙarin lissafin cika da janyewar teku, wato yadda ruwa ke hauhawa ya rufe rairayi sannan ya koma, sau biyu a kwana guda, saboda jan da wata ke yi masa, ta yadda mashigin da aka taka a bushe da hantsi zai iya shanye mutum da azahar. Bahar Rum ba ta da wannan matsala sosai, nata haɗarin zafin rana ne da ƙishirwa.

Abin da ya fi kayar da masu tattaki ba gajiyar numfashi ba ce, ƙafa ce, musamman bororon da sabon takalmi ko jiƙaƙƙiyar safa ke haifarwa a rana ta biyu ko ta uku, sai kuma nauyin jaka, wanda ke ƙaruwa a kafaɗa duk da cewa kayan cikinta raguwa suke yi. Shi ya sa gogaggu ke fita da takalmin da ya riga ya saba da ƙafarsu, su rage kaya su ƙara ruwa, su kuma tashi da sassafe domin su ci rabin zango kafin rana ta take.

Zango, madugu da jagaba

Duk waɗannan dabaru fatake sun riga sun san su. A ƙarni na 19 ayarin goro kan tashi daga Kano ko Sakkwato da rani, ya ƙetare Kwara ta wajen Yawuri ko Busa, ya ratsa ƙasar Bargu ta Nikki da Jugu, har ya isa Salaga a ƙasar Gwanja, cikin Ghana ta yau, tafiyar da zuwa da dawowarta ke cin watanni masu yawa. Baturen nan Hugh Clapperton ya gamu da irin wannan ayari a Kayama a 1826, ya kuma ƙiyasta mutanensa maza da mata da fiye da dubu, da dabbobin kaya kwatankwacin haka. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi fice a wannan sana'a, kuma daga cikin Agalawa ne Alhassan Ɗantata ya fito, wanda ya fara da fataucin goro kafin ya shahara a cinikin gyaɗa.

Ayari yana da tsari kamar na ƙaramar hukuma mai tafiya. Madugu shi ne shugaba wanda ke yanke shawarar tashi da sauka, kuma shi ke ganawa da sarakunan hanya, jagaba shi ne masanin turba da ke gaba yana duba mashigi da wurin ruwa, uban dawaki kuma shi ke tattara kuɗin fito da na gaisuwar da ake biya domin a wuce lafiya. Zango shi ne wurin sauka, wanda ake zaɓa saboda ruwa da ciyawa da kusanci da gari. Tun kafin gari ya waye ake ɗaura wa jakuna da takarkarai kaya, kanwa da rinannun tufafi da jemammun fatu a tafiya, goro a dawowa, a yi ta tafiya har rana ta yi zafi, sannan a sauke, a kafa bukkoki, mata su hura wuta, 'yan gari su kawo fura da hatsi su sayar. Goro kuwa ba ya son sakaci, domin a ƙunshe yake cikin huhu da ɗanyen ganye, sai an riƙa kwance shi lokaci-lokaci ana yayyafa ruwa ana tsince wanda ya kamu da sankara kafin ya ɓata sauran. Guzurin falke, wato kilishi da ƙuli-ƙuli da dakuwa da ruwa a salka, abinci ne marar nauyi mai riƙe ciki wanda ba ya lalacewa da wuri, daidai abin da masu tattakin zamani ke nema a cikin leda mai tsada.

Sawun wannan tafiya bai goge ba, yana nan a sunayen garuruwa irin su Zangon Kataf da Zangon Aya a jihar Kaduna da Zangon Daura a Katsina, da kuma unguwannin Zango na Kumasi da Akara. Haka nan alhazan da suka bi ta Barno da Wadai da Darfur zuwa gaɓar Bahar Maliya da ƙafa, suna yada zango suna noma ko ƙodago domin samun guzurin gaba, sun bar zuriya mai yawa a Sudan. Ko a 2015, lokacin da wani matashi ya taka daga Legas zuwa Abuja domin murnar sakamakon zaɓen shugaban ƙasa, kalmar tattaki ta cika bakin jama'a, wasu da dama suka kwaikwaye shi, sai dai dukkansu a gefen kwalta suka yi tafiyar, tsakanin tireloli da tankokin mai, saboda babu wata turba da aka keɓe wa mai ƙafa.

Narayi da kogin da aka juya wa baya

Narayi tsohon matsugunin Gbagyi ne, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, mutanen da aka sani da noman doya da ɗaukar kaya a kafaɗa, kuma turbobinsu ne suka haɗa ƙauyukan wannan yanki tun kafin Turawan mulkin mallaka su dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna a 1917. Bunƙasar masaƙun Kakuri daga 1957 da buɗe matatar mai a 1980 sun jawo ma'aikata zuwa kudancin kogi, gari ya haɗiye ƙauyen tare da maƙwabtansa irin su Barnawa da Sabon Tasha. Bayan tashe-tashen hankulan 2000 da 2002 kuma, iyalai da yawa suka sauya unguwa bisa addini, Kiristoci suka fi yawa a kudu, Musulmi a arewa, kogin da ya ba garin suna ya koma kamar iyaka tsakanin mutanen da a da suke cin kasuwa ɗaya su kwana a layi ɗaya.

Kogin kansa ya taso ne daga tsaunukan Jos, ya yi tafiyar kimanin kilomita 550 kafin ya faɗa Kwara, kuma a cikin gari yana da fuska biyu. Da rani ruwa kan ja baya ya bar duwatsu da gungunan yashi a fili, masu lambu su shuka alayyafo da latas da tumatir a gaɓa suna ban ruwa da ƙananan injuna, masu haƙar yashi su riƙa nutso da bokiti suna cika kwale-kwale, wanki kuma a shanye a kan duwatsu. Da damina, musamman a Agusta da Satumba, yakan cika ya tumbatsa, kuma ambaliyar 2003 da ta 2012 sun nuna irin asarar da ke jiran gidajen da aka gina a hanyar ruwa. A gaɓar arewa akwai wurin shaƙatawa na Ƙofar Gamji, inda aka kafa ƙaramar gadar ƙarfe ta Gwamna Lugga wadda aka gina a Zungeru a 1904 aka kuma ɗauko ta zuwa Kaduna a 1954, amma da zarar mutum ya fita daga irin wannan wuri da nufin bin gaɓa, katangar gida ko juji ko bakin magudanar ƙazanta ne zai tare shi.

Kaduna ba ta da tsibirin da za a kewaya, amma gadojinta sun ba ta abin da ya yi kama da shi. Tsohuwar gadar da ke kusa da filin wasa na Ahmadu Bello, da sabuwar da ta haɗa Kabala Costain da titin Aliyu Makama a Barnawa, da ta hanyar Yakowa a gabas, kowace biyu daga cikinsu suna iya zama bakin da'ira, ta yadda mai tafiya zai tashi daga Narayi ya bi gaɓar kudu, ya haye, ya dawo ta gaɓar arewa, ruwa na gefensa ɗaya tun daga fita har komowa. Turba irin wannan ba ta buƙatar kwalta, abin da take buƙata shi ne a shata ta, a kafa mata alamu, a dasa itatuwan inuwa, a kuma yi yarjejeniya da masu lambu irin wadda aka yi da manoman Minorka. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen birni a hannun gwamna a matsayin amana, hukumomin KASUPDA da KADGIS kuma su ke da alhakin tsara gari da rajistar filaye, saboda haka ikon keɓe gaɓa yana nan, kuma gaɓar da aka bar wa masu ƙafa da masu lambu ita ce wadda ambaliya za ta hau ta sauka ba ta rushe ɗakin kowa ba.

Babban cikas shi ne tsaro. Ƙaramar hukumar Chikun ta sha fama da masu garkuwa da mutane, harin da aka kai wa jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna a ranar 28 ga Maris 2022 bai fita daga zukata ba, dajin Kamuku na Birnin Gwari da ya kamata ya zama matattarar masu yawon buɗe ido kuma ya daɗe da zama wurin da ake tsoro. Saboda haka tattakin kwanaki zuwa duwatsun Kajuru ko na Kagoro ba abin da za a ba kowa shawara ba ne sai hanya ta tabbata. Fatake ma da 'yan fashi suka yi zamani, kuma maganinsu shi ne tafiya a ayari, da jagaban da ya san ƙasa, da fahimtar juna da masu garin da za a ratsa. Wannan yana nuna inda ya kamata a faro, wato zagayen wuni guda a cikin gari, da rana, cikin rukuni, da sanin masu unguwanni da hakimai na gaɓoɓin biyu, kafin a yi maganar kwana a hanya.

Mutanen Minorka sun yi shekara goma sha huɗu daga tattakinsu na farko zuwa buɗe hanyarsu, kuma ba hukuma ce ta fara ba, mazauna ne suka fito suka taka har hukuma ta biyo sawu. Ya rage ga ƙungiyoyin matasa da makarantu da majami'u da masallatan Narayi da Barnawa da Kabala da Unguwar Rimi su haɗa ayari guda, su bi gaɓar su ƙirga inda ta toshe, su kai wa hukumomin tsara gari da wakilansu a majalisar jiha, tun kafin sauran filin da ya rage a bakin ruwa ya koma fuloti.